Kaza Mai Ɗori a Gidan Gwaggo Iyatu

Shafi na 31

Na Ummuhani 'yar Guéma

Masu cika min waya da "ina ci gaban?" tun kafin in wanke ido, ga shi nan na kawo. Hajiya Hannatu ta Titirou, ke da kika ce in Abduljalil ya shigo hannunki sai kin ja masa kunne, ki ɗan ajiye hannun a cinya tukuna. Sababbin shigowa kuma ku matso in gaya muku inda muka tsaya, kada ku dame ni da tambaya a ƙasa.

Memuna 'yar Djougou ce, aure ya kai ta Yamai. Ta zo gida da tsohon ciki don haihuwar fari da wankan jego, korona ta faɗo, aka rufe iyaka. Wankan arba'in ya koma zaman shekara da watanni. 'Yar da ta haifa, Zinatu, sunan uwar mijin aka sa mata, shi ya sa ake kiranta Mami. Har ta fara tafiya ubanta bai taɓa ɗaukarta ba.

To tun tsakiyar azumi mijin, Abduljalil, ya canza. Ya daina kiran bidiyo. Ya daina gaida surukinsa Alhaji Badamasi ran Juma'a, ko barka da Sallah a rubuce ya turo. Da rediyo ta ce Nijar za ta buɗe iyakarta ta ƙasa ranar Alhamis, Memuna ta kira shi tana murna, shi kuwa ya ce mata, "Ki ɗan dakata tukuna." Maganar ta kai kunnen Alhaji, ya ce in aka buɗe yaron nan bai zo ba, da ƙafarsa zai je wurin danginsa ya karɓo wa 'yarsa takardar saki.

Mu je.

*

Talata da hantsi taksin Djougou ta sauke Memuna a Parakou, Mami goye a baya, jaka a hannu. Innarta kaɗai ta san ta fito, Alhaji yana rumfar goronsa a kasuwa. Ta ce wa Inna za ta tambayo zancen mota da inda ake gwajin korona, ta dawo kafin magariba. Ba ta gaya mata ta cusa kayan sawarta da na Mami a jakar ba.

Tashar motocin Yamai kuwa sai ka ce ana shirin biki. Manyan motocin da suka daɗe a tsaye har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, yau an fito da bokiti da sabulu ana ta dirzarsu. Wani direba ya tayar da inji, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mutane suka hau tafi suna tari.

Mai yankan tikiti, wani siriri da ake kira Talle, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa.

"Madam, Yamai ko Dosso?"

"Tambaya na zo yi. Da gaske ne za a buɗe?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

"Tun bara ake cewa jibi."

Talle ya yi dariya, ya nuna mata wata mota da baki. "Kin ga waɗancan tayoyin? Sababbi ne dal. Patron ɗinmu mai motocin ba ya sayen taya a kan jita-jita. Wannan karon daga sama maganar ta fito."

"Me ake buƙata?"

"Ki yi tes ɗin korona a ba ki takarda, ki rufe hanci da kashne, takunkumi ke nan, ki riƙe katinki. Wala, shi ke nan."

"Ba sauka a daji? Ba kwalekwale?"

"Ta kan gadar Malanville, madam, da rana tsaka, jandarma na ɗaga miki hannu."

Wata tsohuwa da ke zaune kan buhun gari ta ɗaga tafukanta sama. "Alhamdulillahi. Jikokina na Gaya, akwai waɗanda ban san fuskarsu ba. Ko a kan rufin mota ne ku ɗaure ni in tafi."

Kowa ya yi dariya, har Memuna. Hanya dai ta samu. Saura ko akwai mai jiranta a can, kuma wannan Talle ba shi da amsarsa.

Ba ta yanki tikiti ba, ta ce sai ta yi gwajin. Amma kun san gidan da Memuna ta fito. 'Yar Alhaji Badamasi ba ta shiga garin da surukarta take ta fita ba gaisuwa, ko da ranta a ɓace yake. Gwaggo Iyatu, ƙanwar mahaifin Abduljalil, tana nan unguwar Albarika, kuma ita ce dangin da Alhaji ya ce zai je wurinsu. Memuna ta lalubi ƙullin goron da ta ɗebo daga gida, ta tsayar da mai babur, ta hau.

*

Ta yi sallama, ta tarar da Gwaggo a tsakar gida gaban murhu tana juya wata ƙatuwar tukunya. Ƙamshin farfesun ƙafar saniya ya cika gidan.

Ludayin ya suɓuce daga hannun Gwaggo.

"Memuna," in ji ta. Sai kuma ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke bayan layi. "Memuna ce ta zo. Memunar Djougou. Matar Abduljalil. Ga ta nan a tsakar gida, da yarinya."

Memuna ta waiwaya ta ga da wa ake. Ba kowa, sai randa da turmi.

Ta durƙusa. "Gwaggo, ina wuni?"

"Lafiya lau, lafiya lau. Ya su Alhaji? Ya Innarki? Ya hanya? Zauna nan."

Da can in Memuna ta zo, a baranda ake yi mata shimfiɗa, kusa da ɗakin baya inda iska ke kaɗawa. Yau Gwaggo ta ja tabarma har bakin zaure, ta baza ta inda rana ke duka.

"Gwaggo, nan ai rana."

"Rana magani ce, ba ki ji ana faɗa ba tun zuwan cutar nan? Kawo min ƙawata in gani."

Ta karɓi Mami, ta juya ta dama da hagu, idonta ya kawo ruwa. "Goshin gidanmu ne sak." Ta share ido da bakin zane. "Yaushe motar Djougou ta ƙarshe ke tashi? Kada ki rasa."

"Yanzu fa na zauna."

"Haka ne, haka ne."

"Baƙi za ki yi? Na ga tukunyar."

"Ni kaɗai ce. Kwana biyun nan kwaɗayi ke damuna."

Jama'a, Gwaggo Iyatu haƙoran gaba kawai suka rage mata, su ma suna girgiza. Ku gaya min da me za ta ci ƙafar saniya.

Mami ta zame daga cinyarta, ta miƙe tana tangaɗi irin na sabon tafiya. Sai ga wata jar kaza ta fito daga bayan randa tana ɗingishi. An ɗaure mata ƙafar hagu da 'yan siraran karare, an naɗe da tsumma, an shafe da man kaɗe har yana ƙyalli.

Memuna ta kafa mata ido.

Masu karatu na nesa, bari in yi muku bayani. A wajenmu nan akwai masu ɗorin da in aka kawo musu wanda ya karye, sai su kama kaza su karya mata ƙafa daidai wadda mutumin ya karye, su ɗora su tare. Ranar da kazar ta taka da kyau, ranar ake ce wa mai karaya ya gwada tashi. Kada ku tambaye ni laifin kazar, ni ma ban sani ba. Amma duk wanda ya tashi tsakanin Djougou da Parakou, in ya ga kaza da karare a ƙafa, ya san akwai mutum kwance a gidan.

"Gwaggo, wa ya karye?"

"Kaza ce."

"Na ga kaza ce. Wa aka ɗora tare da ita?"

"Taɓarya ce ta faɗo mata."

"Gwaggo, ke da in kaza ta yi atishawa kike neman wuƙa, yau ke ce mai jinyar kaza?"

Gwaggo ta ɗauki ludayi, ta ajiye, ta sake ɗauka. "Wani ɗan haya ne. Baƙo. Ba ki san shi ba."

"Allah ya ba shi lafiya. Bari in gaishe shi."

"Yana barci."

Kazar dai ba ruwanta da shirin kowa. Ta saba da inda ake watso mata shinkafa, don haka ta miƙe ɗakin baya tana ɗingishi. Mami ta bi ta, hannuwa a buɗe tana ƙyalƙyala dariya. Gwaggo ta yunƙura za ta tare ta, gwiwa ta ƙi. Kazar ta kutsa ƙarƙashin labule. Mami ta kai ƙofa, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ta faɗa ciki, ta saki kuka.

Daga cikin ɗakin murya ta fito.

"Ya salam. Sannu Mami, sannu uwata. Zo nan, zo."

Memuna ta sandare a kan tabarma. Muryar nan ita take kunnawa a waya ta kwana da ita a kunne fiye da shekara.

Gwaggo ta koma ta zauna a kujerarta.

"To," in ji ta. "Na yi iya yina."

*

Memuna ta ɗaga labule.

Yana zaune kan katifa a ƙasa, ya jingina da bango, ƙafar hagu miƙe a gabansa, ɗaure da karare daga gwiwa har idon sawu. Gemu ya cika masa fuska. Mami na kan cinyarsa ta dama, ta daina kuka tana kallon wannan baƙo.

Tun azumi Memuna take ganinsa a zuciyarta iri-iri. Ta gan shi kwance a asibiti da roba a hanci ana ɓoye mata. Ta gan shi ya tattara kayanta ya tura ɗakin ajiya, ya gaji da aure ta waya. Ba ta taɓa ganinsa haka ba, kumatu sun fito, wuya ya yi kauri, ga kwanon farfesu a gefe an siɗe shi tas.

Ta zame ta zauna a bakin ƙofa.

"Alhamdulillahi," ta ce. Ta sake faɗa, ta sake faɗa, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Yana da rai, yana da lafiya, kuma ga 'yarsa a hannunsa ya rungume kamar za a ƙwace masa.

"Memuna..."

"Ka yi ƙiba."

"Gwaggo ce."

"Ina can ina ramewa har Inna na jiƙa min magani, kai kana nan kana ƙiba."

Ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe, Baban Mami?"

"Tsakiyar azumi."

"A Parakou."

"Eh."

"Parakou da in na fito da safe nake zuwa kafin azahar."

Ya gyara wa Mami zama a cinyarsa.

"Ina kiranka ina tambayar zafin Yamai, kana ce min sai godiya."

"Lambar ce ta Nijar, kin san WhatsApp ba ya nuna inda mutum yake. Kuma in kin lura ban taɓa buɗe baki na ce miki ina Yamai ba..."

"Kada ka fara. Wallahi kada ka fara."

Ya ɗaga hannu alamar ya bari.

"Bidiyon fa? Ka ce kyamarar ta fashe."

"Ta fashe ɗin, a faɗuwar. Amma ko ba ta fashe ba, kin san bangon Gwaggo. Shuɗin nan ko a mafarki kika gan shi kin gane."

Mami ta kai hannu ta cafki gemunsa. Ya bar ta ta ja son ranta.

"Kin tuna bidiyon da kika turo min farkon azumi? Mami ta saki kujera ta taka, ta nufi Baba a tabarmarsa."

"Na tuna."

"Na kalla har wayar ta mutu. Na sa caji na sake kalla. Na ce 'yata ta koyi zama ban gani ba, ta yi rarrafe ban gani ba, yanzu ta miƙe. Na daure, na daure, na kasa. Wata safiya bayan sahur na kama hanyar Gaya."

Memuna ta runtse ido. "Ka shiga ruwan."

"Na shiga."

"Ruwan da ya ci Yaya Awwalu."

Awwalu shi ne babban ɗan Alhaji. Farkon rufe iyaka ya bi kwalekwale a ɓoye zai tsallaka Gaya da kayansa, kwalekwalen ya kife. A zaman makokin nan Alhaji ya kira Abduljalil a waya, ya sa shi ya rantse da Allah ba zai bi ruwa ko daji ba, komai daɗewar iyaka a rufe. Abduljalil ya rantse, Memuna na zaune tana ji.

"Ruwan bai yi min komai ba," in ji shi. "Mun tsallake lafiya. Bayan mun fito ne mai babur ya bi da ni ta gonaki don kauce wa shinge, muka faɗa wani rami. Shi ya tashi ya kakkaɓe wando. Ni na ji ƙas. Wani direban albasa ya ɗauko ni, na ba shi lambar Gwaggo."

"Me ya hana ka ba shi tawa?"

"In na ba shi taki, Baba ya ji."

"Sai ka daina gaishe shi gaba ɗaya."

"Juma'ar farko na ɗauki waya na ajiye. Zai ce min ya Yamai, in ce masa me? Ke na iya yi miki kwana-kwana. Shi bakina ba zai iya ba."

"Au, ni ce mai sauƙin yi wa ƙarya."

"Ke ce mai yafewa."

"Wa ya gaya maka?"

Ni dai na rasa gane maza. Mutum ya iya shiga kwalekwale a tsakiyar kogin Kwara da azumi a bakinsa, amma ya kasa danna waya ya ce Baba na yi laifi.

Gwaggo ta ƙaraso tana dafa bango. "Rabin laifin nawa ne, 'yata. Sau da yawa ya ce a kira ki a ɓoye, ni na hana. Malam Labbo mai ɗori ya kafa doka. Ya ce matarsa ba ta tsallaka masa ƙofa sai kaza ta taka sosai, in ba haka ba ɗori ya kwance."

"Gwaggo, ke ba mace ba ce?"

"Ni na wuce wannan ajin. Matsa baya kaɗan, ƙafarki na kan dokin ƙofa."

Dariya ta ƙwace wa Memuna cikin kuka. Ta janye ƙafar.

Abduljalil ya sa hanci a kan Mami yana shaƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Ta san ni kuwa?"

"Ta san muryarka. Fuskar ce ka cika da gashi."

"Kin yafe?"

"Ban ce ba. Ka bari in gama kallonka tukuna."

Ta kalle shi ɗin, sosai. Sannan ta tuna abin da ya fito da ita daga gida, murmushin ya ragu.

"Ka san abin da Baba ya ce?"

"Me ya ce?"

"In aka buɗe jibi ba ka zo ba, zai zo gidan nan ya karɓi takardata."

Abduljalil ya zabura har ƙafar ta motsa, ya cije leɓe. "Takarda? Memuna, a hanyar zuwa wurinki na karya ƙafar nan."

"Shi bai san wannan ba. Abin da ya sani, ka daina gaishe shi, an ce za a buɗe ka ce in dakata."

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Gwaggo. Ta jawo kujera ta zauna tsakaninsu. "Na riga na tsara komai. Kaza ta fara takawa tun Juma'a. Gobe Malam Labbo zai kwance karare. Jibi a buɗe iyaka. Ran Asabar in kai shi tasha da sandarsa, ya tsaya kusa da motar Yamai ya ɗan sha hayaƙi, sannan ya shiga taksin Djougou. In Alhaji ya ga ɗingishi, a ce babur ya buge shi a Yamai, ya ɓoye don kada hankalin mutane ya tashi. Aure na nan, rantsuwa na nan, kowa ya huta."

"Rantsuwar ta karye, Gwaggo," in ji Abduljalil a hankali.

"Wannan tsakaninka da Allah ne, ka yi kaffara. Ni zancen Alhaji nake."

Memuna ta juya maganar a ranta. Ba ta son yi wa Baba ƙarya, amma jibi ba nisa, Asabar ma ba nisa. Wadda ta jira shekara da watanni, me 'yan kwanakin nan za su yi mata?

"Zan koma yau," ta ce. "Ba zan ce komai ba."

"Allah ya yi miki albarka. Yanzu ki ci abinci, kin zama kamar tsinken tsintsiya."

Gwaggo ta zubo farfesu. Memuna ta zauna a wajen ƙofa, shi a ciki, Mami na kai da komo tsakaninsu tana tsallake dokin ƙofa da rarrafe, don ita dokar Malam Labbo ba ta hau kanta ba. Tun azumi Memuna ba ta ji ɗanɗanon abinci ba sai yau. Ta cinye, ta miƙa kwano aka ƙara. Ya ba ta labarin tukwanenta na Yamai da ya ƙona ɗaya bayan ɗaya, ta ba shi labarin haƙoran Mami. Ba wanda ya lura rana ta karkata sai da aka kira la'asar.

Ta yi salla, ta ɗauki zanen goyo.

Sai aka yi sallama a zaure.

Muryar namiji ce, babba, tana ɗan rawa.

Zanen ya faɗi daga hannun Memuna. "Baba."

"Hajiya Iyatu," in ji muryar, "ki gafarce ni da zuwa ba sanarwa. 'Yata ta zo nan? Na dawo daga kasuwa aka ce ta fita da yarinya da jaka. Na je tasha, sun ce wata mai goyo ta zo tana tambayar kwalekwale."

Gwaggo ta daddage ta amsa. "Maraba da Alhaji. Ina zuwa."

"In ta bi ruwan nan, Hajiya..." Muryar ta tsinke. Ya yi gyaran murya, bai ƙarasa ba.

Memuna ta taɓa jin mahaifinta yana faɗa, ta taɓa jinsa yana wa'azi. Irin wannan muryar kuwa sau ɗaya ta taɓa ji, ranar da aka zo da labarin Yaya Awwalu.

Gwaggo ta sunkuyo tana raɗa. "Ɗauki yarinya ki fita ya gan ki. Kai kuma ko tari kada ka yi." Ta ja labule ta rufe ɗakin ruf.

Memuna ta saɓi Mami, ta fito tsakar gida. "Baba, ga ni. Ba inda na je."

Alhaji Badamasi ya shigo, hula a karkace, babbar rigarsa duk ta jiƙe da gumi. Ya ga 'yarsa, ya ga jikarsa. Ya dafa bango ya sauke numfashi.

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi."

Ya karɓi Mami ya manna ta a ƙirji. Da hankalinsa ya dawo, fuskarsa ta ɗaure. Ya juya wurin Gwaggo.

"Hajiya, kin ga abin da ɗanku ya jawo. Yarinya ta ɗauki jaka za ta bi namijin da ko gaisuwa ya daina. Na ce sai Alhamis, amma tunda Allah ya kawo ni yau, ba sai Alhamis ba. Ki kira shi a waya yanzu a gabana. Ya sakar min 'yata, in koma da ita gida hankalina kwance."

"Alhaji, zauna ka sha ruwa tukuna."

"Na gode. Ki kira shi."

Gwaggo ta hau laluben zane tana neman wayar da ta san tana ɗaki. Memuna ta kalli ƙasa. Ta buɗe baki za ta ce Baba ka bari sai Asabar.

Daga bayan labule aka ji motsi. Aka ji katifa ta ja, aka ji wani nishi mai tsawo, aka ji hannu na bin bango.

Labulen ya yaye.

Abduljalil na tsaye a kan ƙafa ɗaya, ya riƙe bakin ƙofa da hannu biyu, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa kamar yadda suruki ke yi, kararen suka hana. Sai ya sunkuyar da kai iya yadda zai iya.

"Baba, ina wuni. Ba sai an kira waya ba. Ga ni."

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi.

Alhaji bai amsa gaisuwar ba. Ya dubi fuskar, ya sauke ido kan ƙafar, ya daɗe a wurin. Mami ta miƙa hannu daga ƙirjinsa tana son komawa wurin mai gemu, ya riƙe ta bai sake ta ba.

"An buɗe ne?" ya tambaya a hankali.

"Ba a buɗe ba, Baba."

"To ta ina ka shigo?"